Roland Hayes: Ɗan Baiwar da Ya Buɗe wa Baƙar Fata Zaurukan Waƙa

A ranar 15 ga Nuwamba, 1917, wani baƙar fata mai shekara 30 ya tsaya kusa da fiyano a zauren Symphony Hall na birnin Boston a Amurka, domin ya rera waƙoƙin manyan mawaƙan Turai. Babu dillalin da ya yarda ya shirya masa taron. Shi ya kama hayar zauren, shi ya buga takardun gayyata, ya tsinto sunayen mutane daga littafin lambobin tarho ya aika musu. Zauren yana ɗaukar mutum sama da 2,000, kuma a daren nan ya cika maƙil. Sunan mawaƙin Roland Hayes.

Irin waƙar da Hayes ya zaɓa tana da tsari na daban. Ana ɗauko rubutacciyar waƙar wani sha'iri, masanin kiɗa ya tsara mata karin murya, ya kuma rubuta abin da fiyano zai kaɗa. Mawaƙi ɗaya ne da makaɗi ɗaya. Babu 'yan amshi, babu rawa, babu kayan wasan kwaikwayo. Fiyanon kansa yana da nasa zancen, domin shi ke siffanta gudun ruwa, ko sukuwar doki, ko bugun zuciya. Franz Schubert na Ostiriya, wanda ya rasu a 1828 yana da shekara 31, ya bar irin waɗannan waƙoƙi fiye da 600, kuma da su ake auna gwanintar mawaƙi har gobe. Wanda ya tsaya a wannan fage ba shi da mafaka. In numfashi ya gaza, ko harshe ya karye, kowa zai ji.

A Amurkar wancan zamani ƙofar gidajen ofera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, a rufe take ga baƙar fata. Abin da yawancin Turawan ƙasar suka saba gani shi ne wasannin barkwanci da ake yi wa baƙi ba'a a cikinsu. Murya ɗaya da fiyano ɗaya kuwa ba su bukatar yardar wani shugaban gidan wasa. Ta wannan ƙaramar ƙofa Hayes ya shiga.

An haife shi a ranar 3 ga Yuni, 1887, a ƙauyen Curryville na jihar Jojiya. Iyayensa manoma ne masu hayar gona, a ƙasar da mahaifiyarsa Fanny ta yi zaman bauta kafin a 'yanta bayi. Mahaifinsa ya rasu yana da shekara 11, daga nan uwar ta kwashe 'ya'yanta zuwa Chattanooga a jihar Tennessee. Yaron ya shiga aikin ƙarfi a masana'antar narka ƙarfe domin taimakon gida, yana kuma waƙa a cocin unguwarsu. Uwar ta fi so ya zama mai wa'azi, amma ita ce ta fara hora shi a kan fitar da kalma tsaf, yadda na bayan ɗaki zai ji kowane harafi.

Wani malamin kiɗa mai suna Arthur Calhoun ne ya sa ya saurari faifan garmaho na manyan mawaƙa, cikinsu har da Enrico Caruso na Italiya. Daga ranar burinsa ya sauya. A 1905 ya shiga Jami'ar Fisk da ke Nashville, makarantar da aka kafa domin ilimantar da 'yantattun bayi, ya fara daga ajin share fage saboda ƙarancin karatunsa. Bai kammala ba. Ya yi aikin kai abinci a Louisville, sannan a 1911 ya bi ƙungiyar mawaƙan Fisk zuwa Boston, ya kuma yanke shawarar zama a can. Da rana masinja ne a wani kamfanin inshora, bayan aiki kuma ɗalibi ne a wurin malamin murya Arthur Hubbard. Da kamfanonin faifai suka ƙi ɗaukarsa, sai ya biya kuɗi daga aljihunsa aka naɗi muryarsa, yana sayar da faya-fayan da kansa.

Nasarar 1917 ba ta sauya zukatan dillalan Amurka ba, saboda haka a 1920 ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila tare da makaɗin fiyanonsa Lawrence Brown. Shekarar farko a Landan ta zo da ƙunci da rashin kuɗi. A watan Afrilun 1921 ya yi waƙa a zauren Wigmore Hall, kuma bayan kwana biyu aka kira shi Fadar Buckingham, inda ya rera waƙa a gaban Sarki Joji na Biyar da Sarauniya Mary. Labarin ya tsallaka teku. Waɗanda suka ƙi kallonsa a gida suka fara tambayar ranar dawowarsa.

Jarrabawa mafi tsanani ta same shi a Balin a 1924. Jamus ta sha kashi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma cikin dakarun Faransa da suka mamaye yankin kogin Rhine akwai sojojin da aka ɗebo daga ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. An yi ta farfagandar ƙin jinin baƙi a kan haka. Tun kafin ranar taron aka fara ƙorafi a jarida cewa bai dace baƙar fata ya tsaya a zauren da ke ɗauke da sunan Beethoven yana rera waƙoƙin Jamusanci ba. Da ya fito, sai aka tarye shi da ihu da tsaki. Hayes ya tsaya cik a gefen fiyano, bai ce uffan ba, har hayaniyar ta lafa don kanta. Sannan ya fara da Du bist die Ruh, waƙar Schubert mai sanyi wadda take bukatar dogon numfashi da murya ƙasa-ƙasa. Zauren ya yi tsit. Mutanen da suka zo korarsa su suka sallame shi da tafi.

Muryar Hayes ba mai girgiza gini ba ce. Siririyar muryar namiji ce mai taushi, ƙarfinta yana cikin tsabtar lafazi da iya sarrafa numfashi. Yana waƙa da Jamusanci da Faransanci da Italiyanci kamar a cikinsu ya tashi. Sai dai babban abin da ya kawo shi ne yadda yake jera waƙoƙinsa. Bayan Schubert da Schumann da Brahms, yakan rera waƙoƙin ibada da bayi suka ƙirƙira a gonakin kudancin Amurka, waɗanda ya gada a gida da coci. Wasu 'yan bokon baƙar fata na lokacin suna jin kunyar waɗannan waƙoƙi saboda suna tuna musu da bauta. Hayes ya ba su irin kulawa da girmamawar da yake bai wa waƙoƙin Turai, a zaure ɗaya, a dare ɗaya. A 1948 ya wallafa littafin da ya tattara wasu daga cikinsu da tsarin kiɗansa.

A 1923, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, ya yi waƙa da babbar ƙungiyar makaɗa ta Boston ƙarƙashin jagorancin Pierre Monteux. A 1924 ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata ta NAACP ta ba shi lambar yabo ta Spingarn. Ya zama ɗaya daga cikin mawaƙan da aka fi biya a zamaninsa, har ya sayi gonar da mahaifiyarsa ta yi bauta a cikinta. Bai tsira daga suka ba. Wasu jaridun baƙar fata sun zarge shi da amincewa ya yi waƙa a zaurukan da ake ware wa baƙi wurin zama daban.

Ɗaukaka ba ta kare shi daga wariya ba. A watan Yulin 1942 aka kori matarsa da 'yarsa daga wani shagon takalma a garin Rome na jihar Jojiya, saboda sun zauna a wurin da aka keɓe wa Turawa. Da ya je bin ba'asi, 'yan sanda suka lakaɗa masa duka suka tsare shi. Labarin ya karaɗe jaridun ƙasar, kuma daga baya ya sayar da gonar ya tattara ya bar jihar haihuwarsa.

Daga 1950 ya koyar a Jami'ar Boston. A 1962, da ya cika shekara 75, ya yi waƙa a Carnegie Hall na birnin New York domin tara kuɗi ga makarantun baƙar fata, kuma bai daina fitowa gaban jama'a ba sai bayan ya haura shekara 80. Ya rasu a Boston a ranar 1 ga Janairu, 1977, yana da shekara 89.

Cikin waɗanda ya ƙarfafa wa gwiwa akwai wata yarinya da ke waƙa a cocinsu a Philadelphia, Marian Anderson, wadda a 1955 ta zama baƙar fata ta farko da ta yi waƙa a matsayin tauraruwa a gidan ofera na Metropolitan a New York. Lawrence Brown kuwa ya shafe shekaru masu yawa yana kaɗa wa Paul Robeson fiyano. A yau ba baƙon abu ba ne matashin mawaƙi, baƙi ko fari, ya rufe zaman waƙarsa da waƙar ibada ta bayi bayan ya gama da Schubert. Wannan jeri da ake ɗauka al'ada ce, Hayes na cikin na farkon da suka kafa shi, a lokacin da yin hakan ke iya jawo wa mawaƙi asarar masu sauraro.