Florence Nightingale, Matar da ta Riƙe wa Sojoji Lissafi

Duk shekara idan ranar ƙungiyarmu ta zagayo, mukan kawo tarihin wata mace da ta riga mu gidan gaskiya. Bana mu 'yan ajin yaƙi da jahilci aka ɗora wa aikin, muka zaɓi wata Baturiyar Ingila mai suna Florence Nightingale. Dalilinmu kuwa, a cikinmu akwai matan sojoji, akwai iyayensu, mun kuma san yadda ake kwana idan maigida yana bakin daga, waya ba ta shiga, tukunya na jira.

An haife ta ranar 12 ga Mayu, 1820, a birnin Florence na ƙasar Italiya, shi ya sa aka raɗa mata sunan garin. 'Yar masu hali ce, iyayenta ba su so ta yi aikin jinya ba, don a lokacin ana ganinsa aikin marasa galihu. Ta dai nace, har a 1851 ta je Jamus ta koyo.

A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙin Kirimiya, suna taya Turkiyya faɗa da Rasha. A watan Nuwamba na shekarar ta isa asibitin soja da ke Scutari, a gefen birnin Istanbul, tare da mata 38 masu jinya. Abin da ta tarar ba daɗin faɗi: ƙazanta, ƙwarƙwata, ɓeraye, magudanan ruwa a toshe. Waɗanda kwalara da taifod da zawo ke kashewa sun ninka waɗanda harsashi ya kashe.

Duniya ta fi saninta da fitilar da take zagaya majinyata da ita cikin dare. Mu kam 'yan kasuwa, wani abin ne ya fi ɗaukar mana hankali. Akwai matan sojoji da suka biyo mazajensu, suna kwana da 'ya'yansu a ɗakunan ƙarƙashin bariki cikin wahala. Sai ta kama hayar gida, ta sa aka girka tukwanen dafa ruwa, ta ɗauki wasu daga cikin matan nan aikin wanki tana biyansu. Majinyaci ya samu riga mai tsabta, mace ta samu na cefane.

Sai maganar albashi. Soja ba shi da amintacciyar hanyar aika kuɗi gida, da yawa sai su ƙarar a mashaya, manyansu kuma suka ɗauka halinsu ke nan. Ita ba ta yarda ba. Ta ware yini guda a mako tana karɓar kuɗinsu, ta rubuta sunan kowa da abin da ya bayar, a kai wa iyalinsa a Ingila. Da gwamnati ta ga haka ta buɗe ofisoshin aika kuɗi, cikin wata shida sojoji suka tura fam 71,000 gida. Ashe hanya ce babu. Ta kuma buɗe musu ɗakin karatu, wanda ya rasu kuwa takan rubuta wa uwarsa ko matarsa wasiƙa.

Ta koma gida a 1856 ba ta da cikakkiyar lafiya, amma ba ta huta ba. Ta zauna da wani masanin ƙididdiga, William Farr, suka bi alkaluman mace-mace. Suka gano ko babu yaƙi, sojan da ke bariki a Ingila ya fi sa'ansa farar hula mutuwa kusan ninki biyu, saboda cunkoso, rashin iska da gurɓataccen ruwa. Ta kuma zana mace-macen sojoji na yaƙin Kirimiya a takarda kamar faifai da aka yayyanka wata-wata, yadda ko mai ƙin lissafi zai gane. A 1857 aka kafa kwamitin binciken lafiyar soja, daga nan aka shiga gyaran barikoki. A 1860 ta buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan. Ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910, tana da shekara 90, ba ta taɓa aure ba.

Da tausayi kaɗai ta kai wa manya, da sun sallame ta da godiya. Littafi ta kai musu. Mu ma da yawanmu sai da girma muka kama biro, kuma mun ga bambanci a littafin bashi da na adashe. Don haka muna roƙon shugabanninmu, a taron da ke tafe a rubuta sunayen 'yan'uwanmu da mazajensu ke bakin daga, da waɗanda aka bar su da marayu, a san adadinsu, a duba yiwuwar ɗaga musu ƙafa wajen biyan rance. Wadda abin ya shafa kada ta ji kunya, ta samu sakatariya.

Allah ya dawo mana da mazajenmu da 'ya'yanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya maimaita mana ta baɗi. Amin.