Malam Maman Barka: Makaɗin da ya koma almajiri bayan ya haura shekara 40

Duk wanda ya yi ƙuruciya da rediyo a gefen kunne a Kano, Katsina ko Maraɗi cikin shekarun 1990, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Malam Maman Barka ba. A lokacin an san shi ne da gurmi, irin mai tsirkiya biyu, da kuma waƙoƙin da yake rerawa cikin Hausa mai ɗan karin gabas. Sai dai ɓangaren rayuwarsa da ya fi ɗaukar hankalin duniya ya zo ne daga baya, kuma shi ne wanda mutanenmu na wannan tsallaken suka fi ƙarancin labarinsa.

An haife shi a ƙarshen shekarun 1950 a Tasker, can cikin rairayin gabashin Jamhuriyar Nijar, a jihar Damagaram. Iyayensa Tubawa ne makiyaya, ba gidan kiɗa ba. Ya yi karatun boko har ya zama malamin makaranta, kuma daga nan ne laƙabin Malam ya manne masa har ƙarshen rayuwa. A ƙasar da ake ganin kiɗa gado ne, malamin aji ya rungumi gurmi ba ƙaramin abin magana ba ne. Bai fasa ba. Kasancewar ya tashi a mahaɗar harsuna, ya rera da Tubanci, da Barbarci, da Hausa, abin da ya buɗe masa ƙofa a Nijar da Arewacin Nijeriya baki ɗaya.

Mafi yawan mawaƙan da suka kai wannan matsayi nan suke tsayawa, kuma ba a ganin laifinsu. Ko mu masu sauraro haka muke. Ka shiga shagon ɗan kasuwa a Gyaɗi-Gyaɗi ko motar ma'aikaci a Tarauni, sau da yawa abin da kunnensa ya saba da shi tun yana saurayi shi ne yake juyawa har furfura ta fito, sabon sauti kuwa sai ya kira shi hayaniya. Maman Barka ya bi wata hanyar.

A bakin Tafkin Chadi da tsibiransa akwai wata al'umma ta masunta da makiyaya da ake kira Buduma, su kuwa suna kiran kansu Yedina. Masana harshe sun sanya harshensu cikin dangin harsunan Chadi, wato akwai 'yan'uwantaka ta nesa tsakaninsa da Hausa. Wannan al'umma tana da wani abin kiɗa mai suna biram. Ƙirarsa kamar kwalekwale take, an sassaƙa shi daga itace an rufe da fata, kuma tsirkiya biyar gare shi. A al'adar Buduma ba abin wasa ba ne: suna danganta shi da iskar da suka yi imani tana tsaron tafkin, waƙoƙinsa kuma sun shafi kakanni, da jarumtaka, da ruwa da dabbobin da ke cikinsa. Zuwa ƙarshen ƙarni na 20 samari sun juya masa baya, har ya rage wani dattijo mai suna Bukar Tar ne aka sani a matsayin gwani na ƙarshe.

A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, Maman Barka ya tafi ya zauna a gaban wannan dattijo. Ya riga ya haura shekara 40, sunansa ya zagaya ƙasashe biyu, kuma shi kansa ya saba tsayawa gaban allo ne wasu na sauraro. Ga shi makiyayin hamada, yana neman sirrin mutanen ruwa. Hannun da ya goge a kan tsirkiya biyu dole ya sake koyon tafiya a kan biyar, harshe kuma ya koyi furta baitocin Buduma, waɗanda ba da su ya tashi ba. Wanda ya taɓa gwada koyon sabuwar sana'a da girma ya san cewa wahalar ba a yatsu kaɗai take ba. Akwai ta haɗiye girman kai a duk lokacin da aka ce a sake. Bukar Tar ya amince da shi, ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da al'adun da ke tattare da su. Da dattijon ya kwanta dama, sai amanar ta koma hannun baƙon da ya zo daga Tasker.

Bai mayar da biram kayan ajiya ba. Ya haɗa kai da abokinsa Umaru Adamu, makaɗi Bahaushe, wanda ya riƙa rufa masa baya da kalangu da duma da ƙwarya. Mai ra'ayin riƙau zai iya cewa wannan gauraye ne, tunda ba da kalangu Buduma suka san kiɗansu ba. A ganina gaurayen ne ya ba shi numfashi, domin kunnen Bahaushe da na Bazabarme sun sami inda za su kama, alhali amon biram bai ɓace a ciki ba. A 2008 su biyun sun yi wasa a bikin WOMAD na Ingila, dandalin kiɗe-kiɗen duniya da mawaƙi Peter Gabriel ya taimaka aka kafa a 1982. Shekara guda bayan haka kamfanin World Music Network ya fitar da faifansa mai suna Introducing Mamane Barka, wanda ya kai sautin biram ga mutanen da ba su taɓa jin sunan Buduma ba. A gida kuma ya yi aiki da cibiyar horar da makaɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai, wurin da aka tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun Nijar.

Lokacin da ya yi wannan tafiya ma abin dubawa ne. Tafkin da ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 25,000 a shekarun 1960 ya riga ya janye ƙwarai, rayuwar masunta ta sauya. Daga 2015 kuma rikicin Boko Haram ya afka wa jihar Diffa, aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin zuwa sansanoni a tudu. Da ya jinkirta da shekara goma sha, da ba malamin, ba kuma hanyar zuwa garinsa.

Malam Maman Barka ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba, 2018.