Abu Zaid al-Balkhi, Malamin da Ya Gane Ciwon da Awo Ba Ya Gani

Shekarun baya ina da wata ɗaliba a Nima, da zarar hadari ya haɗo sai cikinta ya murɗa, kai ya yi ta sara mata. Tana cikin waɗanda suka tsira a daren 3 ga Yuni, 2015, lokacin da ambaliya da gobarar gidan mai suka ci rayuka sama da 150 a Circle. An yi awo a asibiti, ba a ga komai ba. A gida wasu suka ce iska ce, wasu suka ce lalaci ne. Ni kaina na so in zarge ta, sai da na karanta tarihin Abu Zaid al-Balkhi.

An haife shi wajen shekarar 850 a ƙauyen Shamistiyan, kusa da Balkh, a Afganistan ta yau. Mahaifinsa malamin makaranta ne. Ya tafi Bagadaza neman ilimi, ya yi karatu a gaban al-Kindi, ya dawo gida ya koyar, daga baya ya zama magatakardan mai mulkin Balkh. Mutanen da sun fi saninsa da zanen taswirar ƙasashe.

Amma littafinsa Masalih al-Abdan wa al-Anfus shi ne ya taɓa ni. A ciki ya nuna cewa jiki da rai a ɗaure suke. In ɗaya ya kamu, ɗayan ma sai ya ji. Ya lissafa fushi, firgici, baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu buƙatar magani kamar zazzaɓi, ya kuma soki likitocin zamaninsa da suka tsaya kan jiki kawai. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida, ya kuma samu mai hikima da zai saurare shi.

Ya rasu a 934. Allah ya jiƙansa.

Ita kuwa yarinyar, sai da muka daina musa mata ciwonta, iyayenta suka haɗa addu'a da ganin likitan ƙwaƙwalwa, sannan ta fara iya zama a aji ana ruwa. 'Yan uwa, in yaro ya ce cikinsa na ciwo bayan wata musiba, don Allah mu fara da yarda da shi.