TARIHIN DAKTA JAMES NAISMITH, MARAYAN DA YA ƘAGO ƘWALLON KWANDO



Duk wanda ya saba zama da 'yan makaranta ya san irin gardamar da suke yi a kan ƙwallon kwando. Wannan ya ce Michael Jordan ba shi da na biyu, wancan ya ce ai Hakeem Olajuwon namu ne, ba a haɗa shi da kowa. Wani kuma ya ce koci kaza bai iya kome ba, a kore shi, tun da an ci ƙungiyarsa sau biyu a jere. Amma in ka tambaye su wane ne ya ƙago wasan, sai ka ji shiru. To, ga tarihinsa a taƙaice. Maraya ne, fasto ne, likita ne, malamin makaranta ne kuma. Sunansa James Naismith.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi James Naismith ran 6 ga Nuwamba 1861 kusa da wani ƙaramin gari mai suna Almonte, a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada. Asalin gidansu mutanen Sikotilan ne. A shekarar 1870, yana ɗan shekara tara, zazzaɓin taifot ya kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa, ɗaya bayan ɗaya. Kakarsu ta wajen uwa ta ɗauke su, shi da yayarsa Annie da ƙanensa Robert. Ba a daɗe ba ita ma ta rasu, riƙonsu ya koma hannun kawunsu, Peter Young, wanda manomi ne.

A gidan kawu babu shagwaɓa. James ya yi noma, ya yi saran itace, ya kora dawakai cikin ƙanƙara. Mu mutanen ƙasar Zuru da muka san golmo ba sai an faɗa mana yadda aikin gona yake gina ƙashin saurayi ba. A wajen wasa kuwa gwani ne. Akwai wani wasa da yaran ƙauyensu suke yi: a ɗora ƙaramin dutse bisa babban dutse, mutum ɗaya ya yi tsaro, sauran su yi ta jifa don su kayar da shi. James ya lura cewa wanda ya yi jifa da ƙarfi yakan kuskure, amma wanda ya lulluƙa dutsensa sama a hankali ya faɗo daga bisa, shi ya fi samu. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A aji kuwa bai yi fice ba. Har ma ya bar makarantar sakandare bai gama ba, ya shiga daji yana aikin sare gungume na 'yan shekaru. Sai da ya kusa shekara 20 ya ga cewa gatari ba zai kai shi inda yake so ba. Ya koma aji, ya zauna tare da yaran da ya girme su, ya gama a 1883. Gaskiyar Hausawa da suka ce gemu ba ya hana ilimi.

Karatunsa da kiransa

A 1883 ya shiga Jami'ar McGill a birnin Montiriyal, ya sami digiri a 1887. Daga nan ya shiga makarantar tauhidi ta ikilisiyar Presbyterian a wannan birni, ya gama a 1890. Duk tsawon wannan lokaci bai bar filin wasa ba, musamman wasan rugbi, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga da ita, abokan hamayya kuwa su kayar da mutum ƙasa. Waɗansu masu ibada na lokacin suna ganin bai dace mai shirin zama fasto ya shiga irin wannan turmutsutsu ba, har sun yi ta yi masa addu'a ya tuba.

Wata rana a wajen gwaji, wani abokin wasansa ya fusata ya ɗura ashar. Da ya waiwaya ya ga James kusa da shi, sai kunya ta kama shi, ya roƙe shi gafara. James kuwa bai taɓa yi masa wa'azi ba, bai ma taɓa tsawata masa ba. Abin ya tsaya masa a rai. Ya gane cewa akwai samarin da ba za su taɓa zuwa su zauna a bencin majami'a ba, amma a fili suna kallon halin mutum, halin kuwa yana yi musu magana. Saboda haka da ya gama tauhidi bai karɓi ikilisiya ba. Ya tafi Amurka a 1890, ya shiga makarantar horar da ma'aikatan Ƙungiyar Samari Kirista, wato YMCA, a garin Springfield na jihar Masacuset. Bayan shekara guda aka ɗauke shi malami a wurin.

Yadda aka ƙago wasan

Sanyin ƙasar ba irin hunturunmu ba ne. Ƙanƙara takan rufe fili watanni, ba dama a fita. A ƙarshen 1891 akwai wani aji na mutum 18, manyan samari, waɗanda suka gaji da motsa jiki na ɗaga hannu da sauke hannu a cikin ɗaki. Malamai biyu sun gwada su sun kasa. Shugaban sashen, Dakta Luther Gulick, ya danƙa wa Naismith ajin, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da za a yi cikin ɗaki, mai daɗi, wanda ba za a karya juna ba.

Da farko ya gwada shigo da wasannin fili cikin ɗaki, abin bai yi ba. Sai ya zauna ya yi tunani daki-daki. Me ya sa ake jin ciwo a rugbi? Domin ana kayar da mutum. Me ya sa ake kayar da shi? Domin yana gudu da ƙwallo a hannu. To, in an hana gudu da ƙwallo, babu dalilin kayarwa, dole mutum ya miƙa wa ɗan'uwansa. Saura raga. In ragar tana tsaye a ƙasa kamar ta ƙwallon ƙafa, za a yi ta jifa da ƙarfi, masu tsaro kuma su taru su toshe bakinta. Nan ya tuna da wasan dutse na ƙauyensu. Ya ce a ɗaga wurin cin sama da kan kowa, bakinsa yana kallon sama, yadda ƙarfi ba zai yi amfani ba sai saiti.

Ya nemi akwatuna biyu wajen mai kula da ginin, ba a samu ba, sai kwanduna biyu na zuba 'ya'yan itace. Ya kafa su da ƙusa a jikin barandar ɗakin, ɗaya a kowane gefe. Tsayin barandar ƙafa 10 ne, shi ya sa har yau a duniya duka tsayin kwando ƙafa 10 ne. Ya rubuta dokoki 13, aka buga su da tafireta, ya manna a allo. A watan Disamba 1891 aka yi wasan farko da ƙwallon ƙafa, mutum tara-tara, aka tashi 1 da 0. Da yake kwandon yana da gindi, duk sa'ad da aka ci sai an hau an ciro ƙwallon. Daga baya ne aka huda gindin, aka sa allo a bayan kwandon, aka rage 'yan wasa zuwa biyar-biyar, aka kuma yarda mutum ya yi tafiya yana buga ƙwallon a ƙasa.

Wani ɗalibi mai suna Frank Mahan ya kawo shawara a sa wa wasan sunan Naismith. Malamin ya yi dariya ya ƙi. Tun da ga kwando ga ƙwallo, sai suka daidaita a kan ƙwallon kwando. Aka buga dokokin a mujallar makarantar cikin Janairu 1892. A wannan shekara wata malama, Senda Berenson, ta fara koya wa 'yan mata a Kwalejin Smith. Ma'aikatan YMCA kuma suka tafi da wasan ƙasashen da aka aike su, ya kai Faransa a 1893, ya kai Sin a 1895.

Zamansa a Jami'ar Kansas

A 1894 ya auri Maude Sherman, Allah ya ba su 'ya'ya biyar. Ya koma birnin Denver a 1895, yana aikin YMCA yana karatun likita, ya gama a 1898. A wannan shekara Jami'ar Kansas ta ɗauke shi ya riƙa bi da sujada a ɗakin addu'a, ya kuma koyar da motsa jiki. A nan ya zauna kusan shekara 40.

Ga abin mamaki. Shi ne kocin ƙwallon kwando na farko a jami'ar, daga 1898 zuwa 1907. Ƙungiyarsa ta ci wasa 55, aka ci ta 60. A tarihin wannan jami'a, wadda ta yi suna ƙwarai a wasan, shi kaɗai ne kocin da faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa. Da a yau ne, da 'yan kallo sun yi ta ihu a sallame shi. Amma shi abin da ya sa a gaba daban ne. Sau da yawa ma shi yake alƙalancin wasan maimakon ya zauna yana ba yaransa dabara. A ganinsa wasa hanya ce ta gina jiki, da koya wa saurayi riƙe fushinsa, da bin doka ko alƙali ba ya kallo.

Ɗalibinsa Forrest Allen, wanda aka fi sani da Phog Allen, bai yarda da malaminsa a kan wannan ba. Naismith yana ganin wasan ba ya bukatar koci, a bar yara su yi abinsu. Allen kuwa ya mai da horarwa sana'a, ya riƙe ƙungiyar Kansas shekara 39, ya ci wasa 590. Duk da wannan bambanci ba su raba gari ba, a gini ɗaya suka yi ta aiki. Cikin yaran Allen akwai Dean Smith, wanda ya zama kocin Michael Jordan a Jami'ar Karolina ta Arewa. Ashe Jordan ɗin da ake gardama a kansa tattaɓa-kunnen Naismith ne a wajen koyo.

Akwai wani ɗalibin da bai kamata a manta ba. A 1933 wani baƙar fata mai suna John McLendon ya shiga sashen motsa jiki na Kansas. Zamanin wariyar launin fata ne, ba a yarda ya buga wa jami'ar wasa ba. Naismith, tsoho mai shekara 70 da ɗoriya, ya jawo shi jiki, ya zama mai ba shi shawara, ya tsaya masa har ya gama a 1936. McLendon ya zama babban koci, ƙungiyarsa ta jami'ar baƙar fata a jihar Tenesi ta ɗauki kofin ƙasa na ƙananan kwalejoji sau uku a jere, 1957 da 1958 da 1959.

Naismith bai manta da kiransa na fari ba. A 1916 aka naɗa shi fasto, ya yi hidima cikin sojojin Kansas a iyakar Meksiko. Daga 1917 zuwa 1919 yana Faransa tare da YMCA, yana kula da samarin da suka je Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana shirya musu wasanni don ya raba su da giya da gidajen karuwai. Iyayenmu na Zuru da suka yi soja sun san amfanin irin wannan mutum a bariki.

Ƙarshen rayuwarsa

Bai yi arziki da wasan da ya ƙago ba. Da aka sa ƙwallon kwando cikin wasannin Olamfik na Balin a 1936, sai da Phog Allen da sauran kociyoyi suka yi karo-karo, 'yan kallo suna jefa kwabo-kwabo, kafin aka sami kuɗin jirginsa. A can ya ga ƙasashe fiye da 20, har da Masar daga Afirka, suna buga wasan da ya fara da kwanduna biyu. An yi wasan ƙarshe a fili cikin ruwan sama da taɓo, Amurka ta ci Kanada 19 da 8, shi ne kuma ya miƙa lambobin yabo.

Matarsa Maude ta rasu a 1937, shekarar da ya yi ritaya. Ya sāke aure a 1939, amma bayan 'yan watanni jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, ya rasu ran 28 ga Nuwamba 1939 a garin Lawrence, yana da shekara 78. Bai ga gasar NBA ba, domin sai a 1946 aka kafa ta, ta ɗauki wannan suna a 1949. A 2010 aka yi gwanjon takardu biyun nan da ya rubuta dokoki 13 a kansu, aka saye su dala miliyan 4 da dubu 300 da 'yan kai, aka ba Jami'ar Kansas.

Mu ma mun ci moriyarsa. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, Musulmi mai riƙe da addininsa, ya ɗauki kofin NBA da Houston Rockets a 1994 da 1995. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, shi ne shugaban Toronto Raptors sa'ad da suka ɗauki kofin a 2019, wato kofin ya je ƙasar da aka haifi Naismith ta hannun ɗan Zariya. 'Yan wasanmu maza sun zama zakarun Afirka a 2015, mata kuwa sun kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a Olamfik na Faris a 2024, abin da babu ƙasar Afirka da ta taɓa yi.

Abin koyi

Ya ku ɗalibai, a cikinku akwai marayu, akwai waɗanda kawu ko gwaggo ke riƙo, akwai kuma waɗanda suka taɓa barin makaranta saboda kuɗi suka dawo sun girme 'yan ajinsu. Naismith ya bi ta wannan hanya duka, kada kunya ta mai da ku gida. Ku 'yan wasa kuma, in an zo gasar gidaje ko ta makarantu, za a sami mai ce muku a rage shekaru, ko a ɗauko wani ƙato daga gari a sa masa rigar makaranta. Kofin da aka ci ta haka ƙarya ce aka ɗora bisa kabad. Mu malamai da shugabanni, nauyin ya fi yawa a kanmu, domin yaro ba ya rage shekarunsa sai da sa hannun babba. Iyaye kuma, kada ku ɗauki fili wurin ɓata lokaci. Manzo Bulus da kansa, a sura 9 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, ya kwatanta mai bi da ɗan tsere mai horon jikinsa.

Allah ya ba mu samari da 'yan mata masu ƙarfin jiki da tsoronsa, waɗanda in sun ci ba su yi fahariya ba, in an ci su kuma su miƙa hannu su gai da wanda ya ci su. Amin.