Alfons Feno, Mai Jirgin Roba

A ƙasar Faransa an yi wani saurayi wanda ba ya iya tafiya sai da sanduna, amma shi ne ya nuna wa mutane yadda jirgin sama zai daidaita kansa cikin iska, kada ya kife. Faransawa suna rubuta sunansa Alphonse Pénaud, amma a baki Alfons Feno ake ji. An haife shi a birnin Faris ran 31 ga watan Mayu, 1850.

Ubansa babban hafsa ne na sojan ruwa, shi ma tun yana yaro ba shi da wani buri sai ya gaji uban. Amma Allah bai nufa ba. Wani mugun ciwo ya kama shi a ƙashin ƙugu, ya bar shi yana dogara sanduna, ga shi kuwa ba a ɗaukar gurgu aikin soja. Da ya ga hanyar teku ta toshe, sai ya mai da hankalinsa sama. Ya yi ta karanta abin da na gabansa suka rubuta game da tashi, musamman wani Baturen Ingila, Joj Keli, wanda ya gwada ɗan ƙaramin jirgi mai shawagi tun cikin 1804.

A zamanin nan mutane sun riga sun iya hawa sama cikin babban balan-balan, amma balan-balan bawan iska ne, inda ta nufa can zai tafi. Abin da ake nema shi ne jirgi mai fukafukai, wanda ya fi iska nauyi, ya kuma bi inda aka so. Abu biyu suka gagari masu gwadawa. Na fari, injin da ke akwai na tururi ne, nauyinsa ya yi yawa. Na biyu, ko an sami jirgi ya ɗaga, da iska ta ɗan taɓa shi sai ya karkace ya faɗo.

Feno ya fara da maganar ƙarfi. Kun san robar danƙo: in an ja ta an sake, nan da nan sai ta zubar da ƙarfinta duka. Shi kuwa sai ya lura, in an murɗa robar kamar mai tufka igiya, a hankali za ta riƙa warwarewa, tana juya duk abin da aka ɗaura mata. Cikin 1870 ya haɗa wani ɗan abin wasa mai farfela biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowace tana juyawa saɓanin 'yar'uwarta. In an murɗa robar an sake shi, sai ya miƙe sama har ya taɓo rufin ɗaki. Masu sana'a suka yi ta ƙera irinsa suna sayar wa yara.

Shekarar nan da wadda ta biyo ta, Faris ta sha wuya ƙwarai. Sojan Jamus suka kewaye ta wata huɗu, bayansu kuma aka yi yaƙin basasa cikin gari, har aka ƙone tsohon gidan sarauta na Tuwileri. Wata uku bayan gobarar, ran 18 ga Agusta, 1871, Feno ya kira 'yan ƙungiyar masu binciken tashi zuwa lambun gidan nan, ya fito da wani ɗan jirgi. Tsawonsa inci 20, faɗin fukafukansa inci 18, nauyinsa kuwa rabin oza ne da 'yan kai. Jikinsa siririn tsinke ne, roba tana bin ƙarƙashinsa, farfela tana can baya. Ya murɗa farfelar sau 240, ya sake. Jirgi ya tafi sumul, ya ci kamar yadi 44 cikin daƙiƙa 11, sa'an nan ya sauko a hankali, bai karye ba.

To, me ya hana shi kifewa, alhali ba kowa a ciki? Nan ne hikimar take, ku kasa kunne. Ku dubi tantabara sa'ad da ta daina kaɗa fiffike tana shawagi, za ku ga ta ɗaga fukafukanta sama. Haka Feno ya lanƙwasa bakin fukafukan jirginsa suka dubi sama kaɗan. In jirgin ya karkata dama ya fara zamewa, sai iska ta fi tura fiffiken da ya yi ƙasa, ta mai da shi daidai. Sa'an nan ya sa wani ɗan ƙaramin fiffike wajen wutsiya, ya ɗan sunkuyar da gabansa. In hancin jirgi ya yi ƙasa, gudu zai ƙaru, iska ta danne wutsiya, hanci ya ɗago. In kuwa hanci ya yi sama da yawa, gudu zai ragu, ya sauko da kansa. Watau jirgin shi ke gyara kuskurensa tun bai yi girma ba. A ganina wannan ya fi maganar robar muhimmanci, ko da yake robar ce ta fi sa aka san shi.

Har wa yau masu wasa da ƙananan jirage ba su rabu da darasin nan ba. Yanzu a maimakon roba akwai ɗan injin lantarki da batir, mai jirgi kuma yana tsaye a ƙasa da ɗan akwati a hannu, yana aika umarni ta rediyo. Amma kafin ya sake jirginsa, sai ya tallafe shi da yatsa biyu a ƙarƙashin fukafukai, kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗinsu daga gaba, ya ga ko zai tsaya daidai kamar sikeli. In wutsiya ta rinjaya, ba za a tashi ba sai an matsa batir gaba, gama jirgi mai nauyin baya ba ya jin magana. Akwatin ake fara kunnawa, sa'an nan a haɗa batirin jirgi, yatsu kuwa nesa da farfela, domin tana yanka kamar wuƙa. Batirin da ya kumbura ba a ƙara aiki da shi, ba a kuma barinsa a caji ba mai tsaro, don yana iya kamawa da wuta. A kan nemi fili nesa da jama'a da wayoyin lantarki da filin jirgin sama, a sake jirgi yana fuskantar iska. Yaro ba ya yin wannan sai da babba kusa da shi.

Mu koma ga Feno. Cikin 1872 ya yi wani tsuntsun roba mai kaɗa fukafukai. Amma zuciyarsa tana ga babban jirgi mai ɗaukar mutum. Cikin 1876, shi da wani gwanin ƙira, Pol Gosho, suka zana shi suka yi masa rajista. Abin mamaki ne zanen nan. Akwai farfela biyu, da ƙafafun da ake naɗewa bayan an tashi, da rumfar gilashi bisa kan matuƙi, da sanda guda ta tuƙi, an kuma tsara shi ya iya sauka a ruwa. Duk waɗannan sai da aka yi shekaru masu yawa kafin a gan su a jiragen gaske.

Ba a gina jirgin ba. Babu inji mara nauyi da zai ja shi, masu kuɗi kuma suka ƙi sa dukiyarsu, waɗansu ma suka mai da shi mai kayan wasan yara. Ciwo ya ƙaru, baƙin ciki ya yi masa yawa. Ya mutu ran 22 ga Oktoba, 1880, yana da shekara 30.

Shekara biyu kafin mutuwarsa, can a Amurka, wani limamin coci mai suna Milton Rait ya komo daga tafiya da tsaraba ga 'ya'yansa. Tsarabar ita ce abin wasan nan na Feno mai farfela biyu, an yi shi da gora da takarda da roba. Wilba yana da shekara 11, ƙanensa Obil kuwa wajen 7, shi ne aka haifa kwana ɗaya tak bayan tashin da aka yi a lambun Tuwileri. Suka yi ta wasa da shi har ya lalace, sa'an nan suka shiga ƙera nasu. Da suka yi manya-manya, sai suka ga ba su tashi kamar ƙaramin, abin ya tsaya musu a rai har suka girma. Ran 17 ga Disamba, 1903, a bakin teku kusa da Kiti Hok, Obil ya kwanta cikin jirgin da suka gina shi da wansa, mai injin fetur, ya tashi ya ci yadi 40 cikin daƙiƙa 12.