Shinichi Suzuki (1898-1998): Rayuwarsa da Tsarinsa na Koyar da Kiɗa ta Hanyar Harshen Uwa

1.0 Gabatarwa

Al'ummomi da dama, har da Hausawa, sun ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar gado ko baiwar da ake haihuwar mutum da ita. Shinichi Suzuki, malamin gogen Turawa ɗan ƙasar Japan, ya ƙarar da rayuwarsa wajen ƙalubalantar wannan fahimta. Hujjarsa kuwa daga harshe ya ɗauko ta, abin da ya sa tarihinsa ya cancanci kulawar manazarta harshe da adabi.

2.0 Haihuwa da Tasowa

An haifi Suzuki a birnin Nagoya ranar 17 ga Oktoba, 1898. Mahaifinsa, Masakichi Suzuki, ya gaji ƙera shamisen, wata molo ta Japanawa mai tsirkiya uku, daga bisani ya kafa masana'antar ƙera gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wato bayolin. Duk da cewa a cikin waɗannan kayan kiɗa ya buɗe ido, Suzuki bai ɗauke su a bakin komai ba face hajar sayarwa. Karatun kasuwanci aka sa shi, domin ya taimaka wajen tafiyar da masana'antar.

Sai da ya kai shekara 17 ya ji faifan garmaho na Mischa Elman yana goga Ave Maria ta Schubert. Daɗin sautin ya ratsa shi, har ya ɗauko goge daga masana'anta ya shiga koya wa kansa. Ba shi da malami, saboda haka kunne ya zame masa jagora: ya saurari faifai, ya kwaikwaya, ya sake saurara. A al'adar wannan kiɗa, tun ana yara ƙanana ake farawa, don haka wanda ya soma a shekarunsa ana ganin ya makara.

3.0 Neman Ilimi

Da taimakon wani basarake, Yoshichika Tokugawa, ya koma Tokiyo ya yi karatu a hannun malama Ko Ando. Yana ɗan shekara 22 ya tafi Jamus, inda ya zauna kimanin shekara takwas a Balin yana ɗaukar darasi wajen Karl Klingler. A can ya ƙoshi da sauraron manyan makaɗa, kiɗan Mozart kuma ya kama zuciyarsa. Ya auri Bajamushiya Waltraud Prange a 1928, suka koma Japan a shekarar. Shi da 'yan'uwansa uku suka kafa ƙungiyar kiɗa, ya kuma shiga koyarwa a Tokiyo.

4.0 Tsarin Harshen Uwa

A farkon shekarun 1930 wani uba ya kawo masa ɗansa mai shekara huɗu, Toshiya Eto, ya nemi a koya masa goge. Neman hanyar da ta dace da yaro ƙarami ya kai Suzuki ga tuna wahalar da shi kansa ya sha wajen koyon Jamusanci da girmansa, alhali yaran Jamus suna sarrafa shi ba tare da wata wahala ba. Ya lura cewa kowane yaro lafiyayye yana naƙaltar harshen gidansu, har da karin harshen yankinsu, ba a kuma taɓa cewa wani yaro ba shi da baiwar harshen uwarsa. Daga nan ya yanke cewa muhalli da maimaici ne ke gina ƙwarewa.

A kan wannan ya ɗora tsarinsa. Yaro zai fara tun yana shekara uku ko huɗu da ƙaramin goge daidai hannunsa. Zai riƙa sauraron faifan kiɗan kullum kafin ya goga shi. Uwa ko uba za su halarci darasi, su zama malaman gida. Karatun rubutattun alamomin kiɗa sai ya biyo baya, kamar yadda magana ke riga karatu. Ba a watsar da tsohon darasi, kamar yadda yaro ba ya jefar da kalmar da ya koya jiya. Littattafan gogen da ya tsara juzu'i goma ne, na ƙarshe biyu ayyukan Mozart ne.

5.0 Yaƙi da Yaɗuwar Tsarin

Yaƙin Duniya na Biyu ya tarwatsa aikinsa, ya kuma jefa iyalinsa cikin ƙunci. Bayan yaƙin ya koma Matsumoto, inda aka buɗe makarantar kiɗa a 1946. Ya ɗauki almajirinsa Koji Toyoda, wanda ya zama maraya, ya riƙe shi a gidansa; Toyoda ya girma ya zama jagoran masu goge a ƙungiyar kiɗan rediyon Balin. A 1958 aka nuna fim ɗin almajiransa a Kwalejin Oberlin ta Amurka, a 1964 kuma ya kai yara goma rangadi ƙasar. Daga nan tsarin ya bazu a duniya, aka faɗaɗa shi zuwa piyano da sarewa da sauransu.

Tsarin bai tsira daga suka ba. Masu sukarsa sun ce jinkirta karatun alamomi yana raunana ɗalibi, yawan kwaikwayo kuma yana iya danne salon kansa. Shi kuwa Suzuki ya tsaya a kan cewa burinsa shi ne tarbiyyar zuciya da kyautata hali, samar da ƙwararrun makaɗa kuma riba ce kawai.

6.0 Kammalawa

Suzuki ya rasu a Matsumoto ranar 26 ga Janairu, 1998, yana da shekara 99. Rayuwarsa ta gaskata karin magana biyu da ake ganin kamar suna karo da juna: shi kansa shaida ne cewa gemu ba ya hana ilimi, koyarwarsa kuma ta tafi a kan cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga manazarta waƙar baka, inda ɗan makaɗi yake tashi cikin sautin kalangu ko kotso tun yana goye, tambayar da ya bari tana nan a buɗe: abin da ake kira gado, a jini yake ko a kunne?