Friedrich von Esmarch: Likitan Da Ya Koya Wa Jama'ar Gari Taimakon Gaggawa

Idan ka taɓa ganin an rataye wa mai karaya hannu a wuya da ƙyalle mai kusurwa uku, to ka ga aikin wani likitan fiɗa ɗan ƙasar Jamus mai suna Friedrich von Esmarch. Ya rasu fiye da shekara ɗari da suka wuce, amma abin da ya tsaya a kai yana nan: wanda yake fara isa wurin mai rauni ba kasafai yake zama likita ba, don haka dole a koya wa kowa abin da zai yi.

An haife shi ranar 9 ga Janairu, 1823, a garin Tönning da ke arewacin Jamus ta yau. Mahaifinsa likita ne. Ya yi karatun likita a jami'o'in Kiel da Göttingen, kuma yana matashi yaƙi ya ɓarke tsakanin yankinsu da Denmak a 1848, ya shiga a matsayin likitan soja. A 1854 ya zama shugaban sashen tiyata na Kiel. Yaƙe-yaƙen da ya yi aiki a cikinsu sun nuna masa cewa soja kan mutu saboda zubar jini tun kafin a kai shi ga likita, ko kuma ciwonsa ya ruɓe saboda dattin da ya shiga tun da farko.

A 1869 ya wallafa wani ɗan littafi kan ɗaurin farko da ake yi wa rauni a fagen fama, ya nemi kowane soja ya riƙa yawo da kayan ɗaurinsa. Wani likitan Suwizalan, Mathias Mayor, ya riga shi amfani da ƙyalle mai kusurwa uku. Abin da Esmarch ya ƙara shi ne buga zane a jikin ƙyallen, ta yadda ko wanda bai iya karatu ba zai duba ya ga yadda ake ɗaure kai, ko hannu, ko ƙafa. Kallabi mai faɗi, idan aka ninka shi daga kusurwa zuwa kusurwa, zai yi maka wannan aikin.

A 1873 ya fito da bandejin roba da ake naɗe hannu ko ƙafa da shi daga yatsu zuwa sama, jini ya koma jiki, sannan a ɗaure a yi tiyata ba tare da asarar jini mai yawa ba. Har gobe ana amfani da shi a ɗakin tiyata. Haka nan a Jamus da sunansa ake kiran dabarar buɗe hanyar numfashi ga wanda ya fita hayyacinsa: a sa yatsu a bayan muƙamuƙin ƙasa ta ɓangarorin biyu, a turo shi gaba, harshe ya daina toshe maƙogwaro. Wannan dabara tana da amfani musamman idan ana zargin wuya ya samu rauni.

Babban aikinsa ya zo ne bayan ziyarar da ya kai Landan a 1881, inda ya ga ƙungiyar St John tana koya wa mutanen gari taimakon gaggawa. Da ya koma gida, a 1882 ya buɗe irin wannan aji a Kiel, ya kafa ƙungiya domin yaɗa shi. Darussansa suka zama littafi da aka fassara zuwa harsuna da dama. Wasu likitoci sun soke shi, suna tsoron kada masu ɗan sani su koma likitocin bogi. Shi kuwa ya shata iyaka: mai taimakon gaggawa ya tsare rai, kada ya ƙara ɓarna, ya miƙa mara lafiya ga likita.

Wannan iyaka ita ce taka a yau. Idan jini na zuba, danne wurin da ƙyalle mai tsabta da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. Idan ya jiƙe, ɗora wani a kai. Kada a zuba ƙasa, toka ko man birki a ciwo, domin suna jawo ruɓewa, ƙasa kuma na iya shigar da ƙwayar cutar tetanus. Kada a ja ƙashin da ya karye, a tallafe shi yadda aka same shi. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa. Idan yana numfashi kuma ba a zargin rauni a wuya ko baya, a kwantar da shi a gefensa. Bayan haka sai asibiti, ba tare da ɓata lokaci ba.

Esmarch ya yi ritaya a 1899, ya rasu a Kiel ranar 23 ga Fabrairu, 1908, yana da shekara 85. Irin ajin da ya buɗe yana nan a wurin ƙungiyoyin agaji kamar Red Cross. Ya kamata kowane gida ya samu aƙalla mutum ɗaya da ya halarta.